Takardun Gwajin Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba mai inji ya yi a maɗaba'armu, kuma in ka tattara duk maganar da ya yi a cikin shekarun nan ba za ta kai wadda ni nake zubawa kafin azahar ba. Shi ya sa mini suna Rediyo. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don gaskiya ce, bakina ba ya zama wuri ɗaya. Aikina shi ne ninke takarda da ɗinke littattafai a dogon teburin da ke bayan injinsa, saboda haka na yi shekara tara ina kallon ƙeyarsa, ina yi mata hira, ita kuma ba ta amsawa.

Gajeren mutum ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sunkuya saboda ɗaukar ƙunshin takarda. Tabarau ɗinsa ɗaure yake da zare a gefe guda, 'ya'yansa mata uku sun saya masa sabo har sau biyu, suna can cikin akwati. Da kunne yake aiki fiye da ido. Inji na cikin gudu za ka ga ya karkata kai, ya tsayar da shi, ya zura hannu ya ɗaure wani ƙaramin noti da babu wanda ya san ya kwance. Wayarsa irin ƙaramar nan ce mai maɓallai, wadda ba ta ɗaukar hoto, kuma ko ita sai ta yi ringi sau uku kafin ya tuna a wane aljihu take.

Shi ya kawo ni wurin. Lokacin muna maƙwabtaka, baban yarana, wanda direban babbar mota ne, ya yi haɗari ya kwanta da karaya a ƙugu, gida ya tsaya cik. Baba ya sa ni gaba har ofishin mai maɗaba'ar, ya ce masa, "Surutu ne da ita, amma ba ta ɗauke-ɗauke." Iyakar shaidar da ya ba ni ke nan, kuma ta isa. Washegari na fara aiki.

Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: rowar takarda. Baba zai ba ka abincinsa ya wuni da yunwa, amma ka yar da fallen takarda mai sauran amfani a gabansa, sai ya duƙa ya ɗauka, ya karkaɗe, ya bi ka da wani kallo da zai sa ka ji kamar ka zagi mahaifiyarka.

Wanda bai san aikinmu ba sai na ɗan yi masa bayani. In za a fara buga sabon aiki, tawada ba ta zama daidai a take. Falle hamsin ko sittin na farko sukan fito wani wuri ya yi duhu, wani ya koɗe. Don kada a ɓata farar takarda, mai inji yakan fara da tsofaffin da suka lalace a wani aikin, ya tura su har tawadar ta daidaita, sannan farar ta biyo baya. Su muke kira takardun gwaji. Baba yana da tarinsu a kan wani katako a ƙarƙashin injin. Takarda ɗaya sai ya tura ta sau biyar, sau shida, gaba da baya, har ta zama baƙa ƙirin kafin ya yarda ta mutu. In ta fito, hannunsa ne ke kwashe ta ya mayar ƙarƙashin injin, ba tare da ya ko kalla ba.

Babban aikin da ke riƙe da maɗaba'ar tamu a shekara shi ne jarrabawa. Akwai wata ƙungiyar makarantu masu zaman kansu, sun kai arba'in, da suke haɗa jarrabawa ɗaya ga 'yan ajin ƙarshe, mu ne muke buga musu tambayoyin tun kafin in zo. Makon da ake wannan aikin wurinmu kan koma kamar kurkuku. A rufe ƙofar gaba, a sa labule a tagogi. Sakataren ƙungiyar, wani dogon mutum mai ƙaramin gemu da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, yakan zauna a kujera kusa da injin, ya ƙirga farar takardar da ta shiga, ya ƙirga wadda ta fita, wadda ta lalace a yanka ta a ƙone a gabansa. Wayoyi kuwa, Baba ne ke tsayawa bakin ƙofa da akwatin ƙarfe, kowa ya saka tasa, ya datse da kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuya. Ni da shi mun sha yin ta a kan wannan akwati.

"Baba, yarinyata ba ta da lafiya fa, in an kira ni?"

"Za a kira ofis."

"Ofishin da ba kowa?"

"Saka, Rediyo."

In saka ina gunaguni, shi kuma ko a jikinsa. A shekara talatin da ɗaya ko harafi ɗaya bai taɓa fita daga hannunsa ba, kuma wannan ne abin da yake taƙama da shi a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa da baki ba.

A bara mai maɗaba'ar ya kwanta ciwo, ɗansa ya karɓi ragama. Matashi ne mai kirki, ya yi karatun kasuwanci, amma in ka ce ya nuna maka inda tawada ke shiga inji sai ya nemi taimako. Manaja muke ce masa. Shi ya buɗe wa maɗaba'ar shafi a soshiyal midiya, ya tara mu ya ce duniya ta canja, wanda ba a ganinsa a waya ba a san da shi ba, saboda haka kowa ya riƙa ɗaukar ayyukanmu yana ɗorawa, ban da makon jarrabawa. Ai ni abin nema ya samu. Ina da mabiya kusan dubu biyu, yawancinsu mata da 'yan makaranta ƙawayen babbar 'yata, kuma na ga banza ta faɗi. Baba dai ya saurara har aka gama, ya ce, "Abin da ke cikin ɗakin aiki na mai aikin ne, ba namu ba ne," ya koma wurin injinsa. Manaja ya yi murmushi ya ce tsofaffi sai a hankali.

Bana mun gama bugun jarrabawar ranar Talata. Sakatare ya ƙirga, lissafin takarda ya cika, aka ƙone abin ƙonewa, aka liƙe kwalaye, mota ta kwashe. Ranar Litinin mai zuwa za a fara zama, kuma 'yata tana cikin masu rubutawa.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya ɗora sabon aiki, kalandar wani kamfanin gine-gine, mai kala huɗu. Ya fara da rawaya. Ina son lokacin da inji ke tashi, yadda yake fara numfashi a hankali kafin ya kama gudu. Na zaro waya, na tsaya a inda takarda ke fitowa, na ɗauki daƙiƙa arba'in. Baba na gefe ya karkata kai yana sauraro, bai ma san ina yi ba. Na matso da wayar kusa sosai don a ga yadda takardu ke sauka ɗaya bisa ɗaya. Na rubuta "Aiki sai mai shi" a ƙasa, na ɗora a shafina, na mayar da wayar jaka. Ban kalli bidiyon ba kafin in ɗora. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba.

Ranar Juma'a da safe ina ɗaura ɗankwali 'yata ta shigo ɗaki riƙe da wayarta, fuskarta kamar an yi mata mutuwa.

"Mama, wannan ba wurin aikinku ba ne?"

Hoto ne da wani ya tsayar daga cikin bidiyo ya ƙara masa girma. Tambayoyin lissafi ne, daga ta huɗu zuwa ta goma sha ɗaya, baƙaƙe raɗau, ana karanta su kamar a allo. A ƙasan hoton ga sunan shafina.

"Tun jiya da yamma yake yawo a guruf ɗin ajinmu," in ji ta. "Akwai na kimiyya ma. Wasu har sun fara sayar da amsoshi. Ana cewa ke kika fitar saboda ni."

Na ɗauki wayata, na ga an kalli bidiyon sau dubu goma sha takwas. Na goge shi daga shafin. Don tsabar ruɗewa na shiga cikin wayar na goge na can ma, har da kwandon shara, kamar hakan zai janye shi daga wayoyin mutane. Sai da na gama na tuna cewa wancan na cikin wayar shi ne kaɗai ke ɗauke da ranar da aka ɗauke shi.

A cikin motar haya na sa 'yata ta turo mini bidiyon, na kalla a tsanake, karo na farko. Ban kai ƙarshe ba na gane. A bayan baƙin rubutun akwai wani dishi-dishin rawaya, inuwar gidan bene ta kalandar. Takardun gwaji ne. Ranar da za a fara bugun jarrabawa Baba ya tayar da inji da tsofaffin takardunsa kamar kullum, tambayoyin suka hau kansu. Sakatare farar takarda yake ƙirgawa, waɗannan ba sa cikin lissafinsa. Hannun Baba ya kwashe su ya mayar ƙarƙashin inji. Ranar Alhamis suka sake fitowa a gaban wayata, da rawaya kawai a kansu, wadda ba ta rufe komai.

Da na isa, motar sakatare na ƙofar gida. Manaja ya leƙo daga ofis, idonsa ja, ya ce, "Malama, shigo." Bai taɓa ce mini malama ba sai ranar.

Sakatare bai ɗaga murya ba, kuma na fi son a ce ya ɗaga. Ya ce ƙungiya ta soke takarda biyu, ta lissafi da ta kimiyya, malamai suna can suna tsara sababbin tambayoyi, dole a buga su kafin Litinin. Ya ce shi da kansa ya ƙirga takarda, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba, saboda haka hanya ɗaya ce: wani ya shigo da waya a ɓoye a makon jarrabawa, ya ɗauka, ya ajiye, ya saki da lokaci ya ƙarato.

"Kuma an gaya mini 'yarki tana cikin masu zama," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, in don 'yata na yi, sai in ɗora wa duniya? Ai a gida zan ba ta."

"Mai laifi ba ya rasa wauta. Yaushe kika ɗauka?"

"Jiya da hantsi."

"Jiya takardunmu suna cikin kwalaye a ofishina. Nuna mini ranar a wayarki."

"Na goge."

Ya kalli manaja, manaja ya kalli ƙasa. Ni kaina da na ji amsar tawa a kunnena na san ta yi kama da ta ɓarauniya.

Sharaɗin ƙungiya a fili yake. Gobe Asabar ƙarfe goma zai dawo. Yana son sunan wanda ya yi, a rubuce, da sa hannunsa, da takardar korarsa. In ba haka ba, aikin ya bar maɗaba'armu har abada, kuma za su kai magana gaba. In kuma ta tabbata ni ce, 'yata ba za ta zauna jarrabawar ba.

Jimla ɗaya ce za ta wanke ni, tana kan harshena: ku dubi rawayar da ke bayan rubutun. Ni Rediyo, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba, na tsaya a ofishin nan na haɗiye ta. Ta tagar ofis ina hango ƙeyar Baba a gaban injinsa. In na faɗa, shekara talatin da ɗaya sun tafi a banza, kuma ni ce na kai wuƙar, ni da ya riƙo hannuna ya kawo ni lokacin da tukunyata ta kwana uku ba ta hau wuta ba. Na ce a raina, ai shi ma ya ga bidiyon, ko an ba shi labari. Zai yi magana da kansa.

Bai yi ba. Na koma teburina, na zauna ina ninke takardar da ban san ta mece ce ba. Ɗakin ya yi tsit in ban da ƙarar inji. Ma'aikata suna satar kallona, ina ɗago kai suna kawar da nasu. Baba bai juyo ba ko sau ɗaya. Da aka tashi cin abinci na bi Dogo mai yankan takarda har bayan gini, don shi ne ya miƙa wa Baba takarda ranar Alhamis, ya ga lokacin da nake ɗauka.

"Dogo, kai shaida ne. Ka gan ni jiya."

"Na gan ki."

"To ka gaya wa manaja."

Ya dubi takalminsa. "In na ce jiya ne, tambaya ta gaba ita ce, to yaya aka yi tambayoyin suka kai jiya a ɗakin nan? Kin san amsar, na sani. Ni ba da bakina za a ji mutuwar sarki ba. Ke abin ya shafa, ke ki faɗa."

"Kai dai matsoraci ne, tsawon banza."

"Na yarda. Ke jarumar me ya hana ki faɗa a ofis?"

Sai na zage shi na tafi. Da na dawo ɗakin aiki na saci kallon ƙarƙashin inji. Katakon nan wayam, tarin takardun gwaji ya ɓace, har an share wurin.

Wallahi a lokacin na tsani Baba. Na ce ashe shirun nan na shekara da shekaru ba kamun kai ba ne, wayo ne. Ya kwashe shaidar, ya bar ni da igiya a wuya. Da aka tashi na tsaya a bakin ƙofa don mu haɗa ido, ya zo ya wuce da wata tsohuwar jaka a kafaɗa, ya ce, "Sai da safe, Rediyo," kamar ba abin da ya faru.

A gida 'yata ta ƙi cin abinci, ta zauna da littafin lissafi a buɗe a cinya ba ta juya shafi. Baban yara, wanda har yanzu da sanda yake tafiya, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alherin da ya yi mana ba za mu manta ba. Amma yarinyar nan ba ta ci bashin kowa ba. Shekara shida tana karatu. Gobe ki buɗe baki."

"In ya musa fa? Takardun ba sa nan."

"Ki buɗe dai."

Ranar Asabar na isa tun kafin tara. Manaja ya riga ya buga takarda biyu ya ajiye a tebur, ɗaya ta amsa laifi, ɗaya ta kora. Ya ce mini shi ma ba ya so, amma mutum goma sha huɗu ke ci a wurin nan, ba zai bar su su nutse saboda mutum ɗaya ba. Na ce masa, "Wa ya ce mu riƙa ɗauka muna ɗorawa? Ka ba mu izini, ba ka gaya mana abin da za mu duba ba." Ya ce ba lokacin wannan ba ne. Na ce lokacinsa ya wuce tun bara.

Ƙarfe goma daidai sakatare ya shigo, ya zauna, ya zaro biro daga aljihu ya ɗora a kan takardar ya turo gabana. Na dubi ƙofa. Injin ba ya aiki, kuma tun safe ban ga Baba ba. Dogo ya ce bai zo ba. A shekara tara ban taɓa riga shi zuwa ba.

"Ba zan sa hannu ba," na ce. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"To ki ba mu wani bayanin."

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka dubi hoton da kyau, a bayan rubutun..." sai na tuna Baba, na kasa ƙarasawa. Sakatare ya dubi agogonsa.

A nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, sanye da fararen kaya masu guga, irin waɗanda ban taɓa ganinsa da su a wurin aiki ba, da tsohuwar jakar nan a hannu. Ya yi sallama, ya gaida sakatare, ya gaida manaja. Ya buɗe jakar ya fito da tarin takardu ya ɗora a kan takardar korata.

"Hamsin da bakwai ne," in ji shi. "Na kai su gida jiya don kada wani ya ɗauki ko ɗaya kafin yau. Na duba su falle-falle. Ashirin da biyu na lissafi, goma sha tara na kimiyya, sauran ba sa karantuwa. Babu wadda ta fita."

Sakatare ya ɗauki ta sama, ya ɗaga ta wajen haske. Ga tambaya ta huɗu, ga inuwar gidan bene.

Baba ya yi bayani, a tsaye, hannuwansa a baya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ya faɗi mene ne takardun gwaji, ya faɗi yadda ya tura su gabanin farar takarda a gaban idon sakataren, ya faɗi yadda ya mayar da su ƙasa. Ya ce Rediyo wayarta tana cikin akwatina duk makon, mabuɗin yana wuyana. Ya ce ranar Alhamis ta ɗauka, ranar da aka ba kowa izini.

"Shekara nawa kana yin haka?" in ji sakatare.

"Tun da na fara buga muku."

"Kuma ba ka taɓa tunanin ƙone su ba?"

"A da, nakan tura su a aiki mai baƙar tawada washegari, su rufe. Bana kalanda ce ta biyo baya. Ban yi tunani ba. Hannu ne ya saba. Amma hannun nawa ne."

Manaja ya fara cewa, "Baba, ai wannan kuskure ne, za mu iya..." Sakatare ya ɗaga masa hannu. Ya ce ƙungiya ta nemi suna ɗaya, kuma shi ba shi da ikon komawa ya ce musu ba kowa. Baba ya ce ya sani, shi ya sa ya zo da shirinsa. Ya roƙi abu ɗaya: a bar shi ya buga sababbin tambayoyin kafin ya tafi, don babu wanda zai iya fitar da su kafin Litinin in ba shi ba. Sakatare ya janye takardar daga gabana, ya ce wa manaja ya sake buga wata da wani suna.

Na fashe da kuka a wurin, kukan da rabinsa sauƙi ne rabinsa kunya. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini jiya ba? Na kwana ina zaginka."

"Na sani," in ji shi. "Jiya ban iya ba. Sai da na gaya wa iyalina tukuna."

Ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa, ya ɗora wa injin farantin bugu mai ɗauke da sababbin tambayoyin. Wannan karon da farar takarda ya yi gwaji, sabuwa fil, falle sittin, ya miƙa wa sakatare su da hannunsa aka ƙone. Na ga yadda ya kawar da kai lokacin da wutar ta kama. Ranar Lahadi da la'asar aka liƙe kwali na ƙarshe. Ya goge injin tun daga sama har ƙasa, ya sa masa mai, ya lulluɓe shi, ya ajiye mabuɗai a teburin manaja. Bai yarda a yi masa taro ba.

'Yata ta zauna jarrabawarta. Ni an dakatar da ni mako biyu, kuma ban yi gardama ba. Da na dawo na tarar da doka a rubuce, an manna a bango: ba a ɗaukar hoto ko bidiyo a ɗakin aiki kowace rana ce, abin da za a ɗora a shafi manaja zai fara gani, takardun gwajin aikin sirri a ƙone su tare da sauran. Doka ce mai kyau, layi uku kacal. Duk lokacin da na wuce ta sai raina ya ɓaci, don da an rubuta ta bara da yanzu Baba yana wurinsa. An ɗauko wani sabon mai inji, yana da ƙoƙari, amma sai abu ya karye yake sanin ya kwance.

Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa gidansa. Na same shi da yamma a tsakar gida a kan tabarma, ya baje wata tsohuwar fanka ta maƙwabta yana gyarawa. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta raɗa mini cewa har yanzu ƙarfe shida yake shiryawa, ya sa takalmi, sannan ya zauna. Na yi ta zuba, labarin Dogo, labarin manaja, labarin sabon mai inji, don ina tsoron in na yi shiru zan sake kuka. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Rediyo," in ji shi, "abin nan da kika ɗauka. Yana nan?"

"Baba, don Allah a bar maganar."

"Ban taɓa ganinsa ba. Labari kawai aka ba ni."

Wanda 'yata ta turo mini yana nan, ban iya goge shi ba. Na kunna na miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya riƙe wayar da hannu biyu nesa da fuskarsa. Ga injin yana tashi, ga shi a gefe ya karkata kai. Ya kalla har ƙarshe. Na miƙa hannu in karɓa, bai saki ba.

"Sake kunnawa," in ji shi. "Ki ƙara murya."

Na sake kunnawa, na ƙara. Wannan karon bai kalli fuskar wayar ba. Ya kanga ta a kunnensa, ya rufe ido.